Tambayoyi da amsoshi kan Britton Chance, mutumin da ya shekara saba'in yana bin launin jini

Duk ɗalibin bayokemistiri da ya kai aji uku sai sunan Chance ya faɗo masa, yau a darasin saurin aikin enzayim, gobe a darasin maitokondiriya (ƙananan sassan cikin ƙwayar halitta masu ƙona abinci su samar da kuzari), jibi kuma ka ji shi a wajen enzayim ɗin katales, har wasu suna ɗauka mutane daban-daban ne masu suna ɗaya. Mutum ɗaya ne. Waɗannan su ne tambayoyin da ɗalibai suka fi maimaitawa a kansa da kan fagen da ya yi aiki.

Wai shi waye Britton Chance ɗin nan?

Ba'amurke ne, an haife shi ran 24 ga Yuli 1913 a garin Wilkes-Barre na jihar Pensilbaniya, ya rasu ran 16 ga Nuwamba 2010 a Filadelfiya yana da shekara 97. Kusan duk rayuwarsa ta aiki a wuri ɗaya ya yi ta, wato Jami'ar Pensilbaniya, nan ya yi digirin farko a kemistiri a 1935, nan ya yi dakta a 1940, sannan ya ƙaro wata daktar daga Kambirij ta Ingila a 1942. Daga 1949 har 1983 shi ne shugaban cibiyar bincike ta Johnson Foundation da ke cikin jami'ar.

Abin da ya kamata ka riƙe tun daga nan shi ne mutumin maƙerin na'urori ne tun kafin ya zama masanin enzayim. Babansa injiniya ne mai son teku, shi kuma tun yana saurayi ya haɗa wata na'ura mai tuƙa jirgin ruwa da kanta, tana amfani da haske da idon lantarki wajen karanta kamfas. Haske da idon lantarkin nan bai taɓa rabuwa da su ba, abin da yake haskawa ne kawai ya yi ta canzawa: farko enzayim a cikin kwalba, sai maitokondiriya, sai hantar ɓera, daga ƙarshe kan ɗan Adam.

Me ya rage ba a sani ba game da enzayim lokacin da ya shigo fagen?

An san enzayim furotin ne mai hanzarta haɗuwar sinadarai ba tare da shi ya ƙare ba. An kuma san lissafin Michaelis da Menten, wanda Leonor Michaelis da Maud Menten suka fitar a 1913, shekarar da aka haifi Chance ɗin ma. Lissafin ya ginu ne kan zato ɗaya: cewa enzayim yana fara kama sabsitiret, wato abin da zai sarrafa, su manne na ɗan lokaci, sannan ya sake shi a sabuwar siffa. Lissafi ya yi daidai da abin da ake aunawa, amma shekara talatin ba wanda ya bi wannan mannewar da ma'auni ya ga lokacin da take samuwa da lokacin da take wargajewa, saboda kafin ka ɗaga kai ta wuce.

A 1943 Chance ya buga aikin da ya auna ta kai tsaye, da enzayim ɗin feroksides da ake cirowa daga saiwar wani tsiro mai yaji na ƙasashen Turai. Ya auna saurin haɗuwar, ya auna saurin rabuwar, ya kai lissafin wajen wata katafariyar na'urar lissafi ta ƙarfe da ke sashen injiniya na jami'arsu (lokacin ba kwamfuta irin tamu), sai layin da na'ura ta zana ya hau kan layin da gwaji ya bayar. Yadda ya yi awon yana cikin amsa ta biyu da ke gaba daga nan.

Menene him, kuma me ya sa duk aikinsa ke komawa kansa?

Him wani zobe ne na sinadari da ake kira forfirin, da ƙwayar ƙarfe guda ɗaya zaune a tsakiyarsa. Shi ne ya ba jini jansa. Himogulobin yana ɗauke da guda huɗu yana jigilar oksijin, mayogulobin na cikin tsoka yana da guda ɗaya yana ajiye oksijin, saitokurom, furotin masu aikin numfashin ƙwayar halitta, suna amfani da nasu wajen miƙa elektoron, katales da feroksides kuma da shi suke wargaza haidirojin feroksaid. Zoben kusan iri ɗaya ne, furotin ɗin da ya naɗe shi ne ke yanke irin aikin da zai yi.

Abin da ya sa ya zama gata ga mai bincike shi ne yana canza launi da zarar halin ƙarfen nan ya canza. Ka lura da nama a teburin mahauci: inda wuƙa ta ratsa yanzu-yanzu ja ne mai duhu da ɗan shunayya, bayan ya sha iska na ɗan lokaci sai ya yi ja wur, in ya wuni a waje kuma sai ya koma ruwan ƙasa. Mayogulobin ɗaya ne a halaye uku, marar oksijin, mai oksijin, da wanda ƙarfensa ya rasa elektoron ɗaya. Yawancin enzayim ba su da launi, sai dai ka bi sawun abin da suka samar. Shi kuwa furotin mai him da kansa yake gaya maka halin da yake ciki, in dai kana da na'urar da za ta iya karanta launin da sauri.

To ta yaya ya ga abin da ke wucewa cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya?

Asalin dabarar ba tasa ba ce. A 1923 Hartridge da Roughton a Kambirij sun riƙa tura ruwa biyu su gauraya su bi ta cikin bututu, suna auna launi a wurare daban-daban a jikin bututun, don nisan wuri daga mahaɗa shi ne tsawon lokacin da ya wuce. Da himogulobin wannan ba matsala, jini ana samunsa da yawa. Amma enzayim da ka sha wahalar tacewa na makonni ka samu ɗan mitsitsi, ba za ka zubar da shi ta bututu haka ba. Sai Chance ya ƙanƙantar da abin ya haɗa shi da lantarki, daga aikinsa ne aka samu na'urar tsayar da gudu da ake amfani da ita har yau.

Ga yadda take. Sirinji biyu a jere, ɗaya da enzayim ɗaya da sabsitiret. A danna su lokaci guda, ruwan biyu su haɗu a wani ɗan ƙaramin rami su kwararo cikin siririn gilashi da haske ke ratsawa, sai a tsayar da gudun cak. Daga wannan lokacin ruwan da ke gaban hasken yana tsaye amma sinadaran ciki suna ta aiki, idon lantarki a ɗaya gefen yana rubuta yadda hasken ke raguwa ko ƙaruwa, a ma'aunin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Feroksides a zaune ruwan ƙasa ne. In ya haɗu da haidirojin feroksaid sai ya koma kore, wannan shi ake kira haɗi na ɗaya, daga nan ya koma ja, haɗi na biyu, sannan ya dawo ruwan ƙasarsa.

Wani abu da littattafan aji ba su cika faɗa ba: daga baya an gano waɗannan haɗe-haɗen ba mannewa ce kawai irin wadda Michaelis ya zata ba, a lokacin da launin ya canza an riga an fasa feroksaid ɗin, ƙarfen him ya hau matakin caji huɗu. Wannan bai rage darajar awon 1943 ba, amma in malami ya tambaye ka bambancin, ka sani.

Shi kaɗai ne ya yi aikin furotin masu him?

Ina fa. Ya tarar da manya a gabansa. Otto Warburg a Balin ya nuna cewa akwai wani enzayim mai ƙarfe da ke da alhakin numfashin ƙwayar halitta, ya samu Nobel a 1931. David Keilin a Kambirij, wanda asalinsa masanin ƙwari ne, a 1925 ya hango layukan launi a tsokar ƙwari suna bayyana suna ɓacewa, ya raɗa musu suna saitokurom a, b da c. Hugo Theorell na Suwidin ya tace mayogulobin har ya zama kiristal, ƙwayoyi kamar na gishiri, a 1932, ya samu Nobel a 1955.

Bayan yaƙin duniya na biyu Chance ya je wajen Theorell a Sitokhom, ya kuma yi aiki tare da Keilin. A wannan zangon ne ya gano haɗi na ɗaya na katales, a 1947. Shi da Theorell kuma suka fitar da tsarin yadda enzayim ɗin hanta mai sarrafa barasa ke aiki, a 1951, wanda har yau ake kira tsarin Theorell da Chance.

An ce ya yi aikin soja, haka ne?

Ba soja ba ne, amma shekarun yaƙin ya yi su a ɗakin binciken rada na MIT yana ƙera da'irorin lantarki masu auna lokaci daidai wa daida. Ya dawo bayokemistiri ya fi kusan duk abokan aikinsa sanin lantarki, kuma a ganina wannan shi ne rabin sirrinsa.

Yaya aka yi ya bar enzayim a kwalba ya koma maitokondiriya?

Tambayar da ta dame shi ita ce, shin abin da enzayim ke yi bayan an tace shi, shi yake yi a cikin ƙwayar halitta mai rai? Matsalar ita ce ruwan da aka zuba maitokondiriya a ciki ba garau yake ba, gurɓi-gurɓi ne kamar ruwan koko, haske in ya shiga watsewa yake yi, ɗan canjin launin da kake nema sai ya nutse a cikin hayaniyar. A farkon shekarun 1950 ya ƙera ma'aunin haske mai zango biyu. Yana aika haske iri biyu bi da bi ta cikin ruwa ɗaya, ɗaya a inda saitokurom ɗin ke shan haske sosai, misali haske mai zangon nanomita 550 ga saitokurom c, ɗayan a kusa da shi inda launi ba ya canzawa, kamar 540. Gurɓatar ta shafi duka biyun kusan daidai, don haka in ka debe wannan daga wancan abin da ya rage canjin saitokurom ne zalla.

Da wannan na'ura, haɗe da elektirod mai auna oksijin, shi da G. R. Williams suka buga jerin ayyukansu na 1955 kan maitokondiriyar hantar ɓera. Sun iya kallon kowane mai ɗaukar elektoron yana cika yana zubarwa a lokacin da maitokondiriya ke numfashi. Masu ɗaukar nan a jere suke, jerin ne ake kira sarƙar numfashi, kuma in suka toshe sarƙar da guba a wani wuri, duk na bayan toshewar sai su cika da elektoron, na gabanta su zama wayam, ta haka aka tabbatar da jerin waye ke miƙa wa waye.

Menene yanayi na 3 da na 4 da ake yawan tambaya a jarrabawa?

Daga wancan aikin na 1955 suka fito, kuma guda biyar ne. Na 1 maitokondiriya ce kawai a ruwa da oksijin. Na 2 an zuba ADP, sinadarin da ake haɗawa da fosfet a samu ATP mai ɗauke da kuzarin ƙwayar halitta, amma ba isasshen abin ƙonawa. Na 3 komai ya hallara, abin ƙonawa da ADP da fosfet da oksijin, numfashi na gudu iya gudu ana haɗa ATP. Na 4 ADP ya ƙare, sai shan oksijin ya faɗi ƙasa sosai duk da akwai abinci akwai iska. Na 5 oksijin ɗin ne ya ƙare.

Na 4 ɗin nan shi ne zuciyar maganar, kada ka haddace shi kawai. Yana nuna cewa jiki ba ya ƙona abinci don akwai abinci, yana ƙonawa ne gwargwadon ATP da aka kashe, don kashe ATP ne ke samar da ADP. In ka raba saurin yanayi na 3 da na 4 za ka samu adadin da ake gane lafiyar maitokondiriya da shi, in ya yi ƙasa to fatarta ta huje ko an sa mata sinadari irin DNP mai sa ta ƙona abinci a banza ba ATP sai zafi. Ka kuma kula da alƙaluma: tsofaffin littattafai suna cewa ATP 3 ga kowane NADH da 2 ga sakcinet (sinadarai biyu da ke ba sarƙar numfashi elektoron), sababbi suna cewa kusan 2.5 da 1.5. Ka duba wanne malaminka ke bi kafin ka shiga ɗakin jarrabawa.

Akwai inda ya bi hanyar da ba ta ɓulle ba?

Akwai, kuma babba. Tambayar da ta fi zafi a shekarun 1960 ita ce ta yaya gudun elektoron ke komawa ATP. Yawancin manyan fagen, har da Chance, sun karkata ga cewa akwai wani sinadari mai ƙarfi a tsakani da ba a kai ga kamawa ba. A 1961 Peter Mitchell na Ingila ya ce babu wani sinadari, sarƙar tana tura furoton ne zuwa ɗaya gefen fatar maitokondiriya, dawowarsu ce ke haɗa ATP. An yi shekaru ana cacar baki mai zafi, sinadarin da ake nema bai taɓa bayyana ba. A 1977 su shida, Boyer da Chance da Ernster da Mitchell da Racker da Slater, suka fitar da rubutu a wuri ɗaya kan batun, kowa da nasa sashen, a 1978 kuma Mitchell ya karɓi Nobel.

Shi Chance bai samu Nobel ba, babbar lambar kimiyya ta ƙasar Amurka ta 1974 ya samu. Awon da ya yi na yanayin numfashi dai bai faɗi ba, bayanin Mitchell ma shi ya zo ya fassara dalilin da ya sa numfashi ke ja baya in ADP ya ƙare.

Gaskiya ne ya ci zinare a gasar Olamfik?

Gaskiya ne. A Helsinki, 1952, a tseren jiragen ruwa masu filafilai ajin mita 5.5. Sunan jirgin Complex II, sunan da ya ɗauko daga haɗin enzayim ɗinsa na biyu, ba haɗaka ta biyu ta sarƙar numfashi da kake karantawa ba, wannan sai daga baya aka raɗa mata suna.

Na'urar da ake maƙala wa marar lafiya a yatsa, shi ya ƙirƙiro ta?

A'a. Wadda ke bin bugun jini injiniyan Japan ne Takuo Aoyagi ya samo dabararta a farkon shekarun 1970, kafin shi kuma Glenn Millikan, wanda Chance ya yi aiki a ƙarƙashinsa tun yana ɗalibi, ya yi wata ta kunne don matuƙa jiragen yaƙi. Amma tushen ɗaya ne da abin da aka bayyana a amsar maitokondiriya, haske biyu, ja mai zangon kusan 660 da wanda ido ba ya gani mai kusan 940, saboda himogulobin mai oksijin da marar oksijin ba sa shansu daidai.

Nasa aikin a jikin mai rai ya bi ta wasu hanyoyin. A 1962 ya nuna za a iya haska gaɓar dabba mai rai a karanta ƙyallin da NADH ke mayarwa, in oksijin ya yanke ƙyallin ya ƙaru. A 1970 shi da Helmut Sies suka hango haɗi na ɗaya na katales a cikin hantar ɓera da ake ba ruwa, shaidar cewa ƙwayar halitta tana samar da haidirojin feroksaid a kullum, a 1973 kuma shi da Alberto Boveris suka auna yadda maitokondiriya ke fitar da shi. Daga baya ya koma amfani da maganaɗisu yana auna fosfet ɗin tsokar mutum lokacin motsa jiki, sannan tun daga ƙarshen shekarun 1980 har rasuwarsa ya duƙufa kan hasken da ke ratsa fata da ƙashi, yana neman auna oksijin na ƙwaƙwalwa da gano ƙari a mama.

Duk wannan me ya haɗa shi da rayuwarmu a nan?

Abu biyu da ke kashe mutane a gidajenmu ta kan him suke bi. Na farko hayaƙin janareta da kaskon gawayi da ake shiga da shi ɗaki lokacin sanyi a rufe ƙofa da taga. Kabon monoksaid ba shi da wari ba shi da launi, yana kama ƙarfen himogulobin da ƙarfin da ya ninka na oksijin fiye da sau 200. Mugun abin ma shi ne na'urar yatsa ta yau da kullum ba ta bambance shi da oksijin, sai ta nuna adadi mai kyau alhali mutum na cikin haɗari, shi ya sa dole a gaya wa likita cewa a ɗaki mai hayaƙi aka same shi.

Na biyu rogo mai ɗaci da ba a sarrafa shi da kyau ba. Yana ɗauke da linamarin, wanda ke sakin sayanaid in an fasa ƙwayoyin rogon, shi ya sa ake ɓarewa a gurza a jiƙa a matse a shanya ko a soya. Sayanaid ba ruwansa da jigilar oksijin, can ƙarshen sarƙar numfashi yake zuwa ya kama him ɗin saitokurom oksides. Jini cike da oksijin amma maitokondiriya ta kasa taɓa shi, duk masu ɗaukar elektoron su cika su tsaya, irin toshewar da aka bayyana a aikin Chance da Williams a sama.

Sikila kuwa, da ake yawan haɗawa da wannan, ba ciwon him ba ce. Him ɗin lafiya lau yake, a jikin furotin ɗin ne amino asid ɗaya ya canza, balin ya zauna a gurbin gulutamet a matsayi na 6 na sarƙar beta ta himogulobin.

Ina P450 ya shigo cikin labarin?

Ta ƙofar ɗakin bincikensa ya shigo. Masu aiki a Johnson Foundation a shekarun 1950 sun lura da wani launi a ɓangaren ƙwayoyin hanta da ke shan haske a nanomita 450 in an sa masa kabon monoksaid, Martin Klingenberg ya buga bayaninsa a 1958. Omura da Sato a Japan ne suka nuna a farkon shekarun 1960 cewa furotin ne mai him, a 1963 kuma Estabrook da Cooper da Rosenthal a Pensilbaniya suka nuna aikin da yake yi. Yau an san dangin enzayim ne babba da ke sarrafa kaso mai yawa na magungunan da muke sha, kuma yana cikin dalilan da suka sa wani magani ke rage ƙarfin wani, kamar yadda rifamfisin na tarin fuka ke yi wa ƙwayar tazarar haihuwa.

Ina son yin furojet a wannan layin amma lab ɗinmu ba kayan aiki, ta ina zan fara?

Ka fara da katales, don hantar kaza ko ta akuya ana samunta a kasuwa, haidirojin feroksaid kuma kowane kemis na sayarwa. Ka niƙa hanta kaɗan a ruwan bafa mai sanyi (ruwan da ke hana tsami canzawa), ka tace, ka tsinka shi sosai don enzayim ɗin yana da sauri fiye da yadda kake zato, in ka zuba shi da kauri kumfa ce za ta cika maka kwalba kafin ka danna agogo. Ka tara oksijin ɗin da ke fita a silinda da aka kifa cikin ruwa, ka rubuta adadinsa duk bayan daƙiƙa goma, ka maimaita da feroksaid mai ƙarfi daban-daban, sannan da zafi daban-daban, sannan da hantar da aka tafasa don ka ga babu abin da zai fito.

Saurin farko kawai za ka ɗauka, wato gangaren layin a daƙiƙun farko, don daga baya feroksaid na raguwa kuma mai yawansa yana lalata enzayim ɗin kansa. Kada ka yi mamaki in layinka ya ƙi kwanciya kamar na hoton littafi, katales ba ya ƙoshi a irin ƙarfin feroksaid da ake aiki da shi, dalilin kuwa yana da alaƙa da abin da aka faɗa a sama, cewa haɗi na ɗaya ba mannewa ce kawai irin ta Michaelis ba. In sashenku na da ma'aunin haske mai kaiwa nanomita 240 to ka huta da silinda, a wannan zangon feroksaid ke shan haske, sai ka bi raguwarsa kai tsaye, amma da kwalbar kwaz za ka yi, gilashi da robar yau da kullum ba sa barin wannan hasken ya wuce.